Saura Ce, Ba Daji Ba

Da ban yi niyyar rubuta wannan babin ba. Na riga na tsara cewa daga labarin makaranta sai in tsallaka zuwa auren mahaifiyarku, in bar shekarar da ke tsakani ta bi ni kabari. Jikata Hadiza ce ta ɓata mini shiri. Ta je biki nan cikin Ƙanƙara, wata tsohuwa daga mutanen ƙauyenmu da 'yan bindiga suka koro ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, da ta faɗa sai tsohuwar ta ce ashe jinin Dangwale ce. Ta dawo tana tambayata wane ne Dangwale. Na ce mata tsohon zance ne, ta je ta kawo mini ruwa. Shekara fiye da arba'in ke nan ina aiken mutane ɗebo ruwa duk lokacin da aka zo wannan gaɓar, to yanzu na gaji, ruwan ma ya ishe ni.

Sunan mahaifina Nomau, kuma shi ne Sarkin Noman ƙauyenmu, can gefen Sabuwa inda itatuwa suke da duhu. Bamaguje ne, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma da na musulunta a makaranta bai ce mini ci kanka ba, sai dai ya daina miƙo mini ƙwaryar da yake sha da ita. Yadda mutanenmu suke noma a wancan zamanin ba irin na yanzu ba ne da ake bin gona da takin buhu har ta mutu a tsaye. Sai a noma gefe guda shekara huɗu ko biyar, da zarar dawa ta fara gajarta, ƙuduji ya fara leƙowa, sai a ɗauke mata fartanya a koma wani gefen. Gonar da aka bari ta huta ita ake kira saura. Ciyawa takan rufe ta, sabara da kargo su tashi, baƙo ya ganta ya rantse ba a taɓa sa mata ƙarfe ba. Amma duk ɗan ƙauyen ya san ta wane gida ce, kuma in ka taka da ƙafa ba takalmi za ka ji tsofaffin kunyoyi a ƙarƙashin ciyawa. Babbar saurarmu tana gabas da rafi, gida tara ke da rabo a cikinta, da itatuwan ɗorawa na kakata. Baba yakan saɓa gatari ya ce zai je ya gaishe ta, Inna ta ce to ya gaya mata tuwo yana hucewa.

Ni kuwa an ɗauke ni tun ina ƙarami zuwa makarantar kwana, na fito na zama malamin daji, da kaki da hula da keke. Ba sai na gaya muku yadda kaina ya kumbura ba. A rani na shekarar da nake ba ku labari aka ce za a faɗaɗa gandun daji na gwamnati, aka turo safiyo, wato mai awon ƙasa, mutumin kudu, ba ya jin Hausa sai ta sayen ƙosai, aka haɗa shi da ni in yi masa tafinta tunda yankinmu ne. Mutumin kirki ne, kada ku ɗora masa komai. Yana da fom mai gurbi uku: gona, gari, daji. Duk inda muka ja sarƙar awo sai ya tambaye ni, ni kuma in tambayi dattawa. A ofis kuma an riga an raɗa mini cewa layin da manya suke so miƙaƙƙe ne daga dutse zuwa rafi, kuma sunana yana cikin waɗanda ake duba yiwuwar tura su kwas ƙasar Kanada.

Da hantsi muka isa gabas da rafi. Baba ya taho da warkinsa, yana warin burkutun da ya karya da ita, abokan aikina biyu suna kallonsa suna kallona suna cije leɓe. Na ji kunyarsa. Na rubuta wannan ne don ku sani cewa mutum yana iya jin kunyar uban da ya fi shi komai. Safiyo ya nuna filin ya ce in tambaya na wane ne. Baba ya dafa ɗorawar uwarsa ya ce:

"Hwaɗa mashi saura ce. Shekararta shida tana kwance, baɗi za mu tashe ta."

Kun san a Hausa akwai saura biyu. Akwai saura ta gona, akwai kuma saura na abin da ya rage a gindin tukunya. Ɗaya mace ce, ɗaya namiji, ko yaron goye ba ya haɗa su. Ni na haɗa su, da idona biyu. Na juya na ba safiyo kalmar Turanci mai nufin ragowa, abin da ba mai buƙata. Ya gyaɗa kai, ya rubuta kalmar a gefen takarda, ya sa alama a gurbin daji. Na gaya wa kaina ai fom ɗin ne ba shi da gurbin saura, ni mene ne laifina, kuma in na dawo da babban muƙami sai in gyara. Da yamma aka buƙaci yatsan wani babba daga ƙauyen a ƙasan takardar, shaidar cewa abin da aka rubuta haka yake. Ni na kai wa Baba, ni na riƙe masa kwalbar tawada.

"An rubuta saura ce?"

"An rubuta, Baba."

Ya dangwala. Ya goge yatsan a jikin warkinsa, ya ce in tsaya in ci tuwo, na ce ana jirana.

Kafin damina ta yi nisa ina cikin jirgin sama. Ba zan cika ku da labarin Kanada ba, kun sha jin yadda mutumin da aka ɗauko daga ofishin Ƙanƙara ya ga ƙanƙarar gaske ya nemi komawa gida. Abin da ban taɓa ba ku ba shi ne labarin Baba Antuwan. Da kaka aka kwashe mu ɗalibai zuwa daji, arewa da birnin Otawa, mu ga yadda ake sarar katako. Malaminmu ya ce za mu shiga wani yanki da hannun mutum bai taɓa taɓawa ba. Wanda aka ɗauka ya nuna mana hanyar shiga wurin da mutum bai taɓa shiga ba kuwa wani dattijo ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ɗan ƙabilar da Turawa suke kira Algonkin, su kuma suna kiran kansu Anishinabe. Kowa yana kiransa da gundarin sunansa Antuwan, har yaran da ya yi jika da su. Ni bakina ya kasa, na liƙa masa Baba. Ya tambaye ni ma'anarta, na gaya masa, ya ce to ya karɓa, amma kada in sa ran gado.

A kwalekwalensa aka sa ni, don na fi kowa tsoron ruwa. Shi ya ƙera shi da hannunsa daga ɓawon wani farin itace da suke kira wigwas, ya ɗinke da saiwa, ya toshe ɗinkin da ƙaro, ba ƙusa ko ɗaya, kuma mutum guda yana ɗora shi a ka ya yi tafiya da shi. Muna tafe yana tuƙi yana ba ni labari da Turancin da aka koya mana da bulala, ni da shi. Ya ce babban kogin da birnin yake bakinsa su suna ce masa Kici Sibi, kuma duk ƙoramar da ke zuba a cikinsa akwai dangin da suka san ta kamar tsakar gidansu. Da bazara sai dangi su gangaro bakin kogi su haɗu, a kama kifi, a yi aure, a ji wanda ya mutu. Sanyi na kawo kai sai kowane gida ya naɗe ɓawon rufin bukkarsa ya haura dajin kakanninsa, su yi farauta a kan ƙanƙara da wani faffaɗan takalmi saƙaƙƙe kamar faifai. In sanyi ya fara sakin jiki sai mata su tsaga wani itace su tari ruwansa, su dafa har ya zama kamar mazarƙwaila. Ya ce ba su taɓa sayar da ƙasar ba, ba su taɓa ba da ita kyauta ba, ba a kuma ci su da yaƙi ba, sun dai wayi gari ne suka ga ana buƙatar takarda kafin su kama kifin da ya ciyar da kakanninsu.

A rana ta uku kwalekwalen ya fara yoyo, muka tsaya zai yi faci. Ya je gindin farin itacen, kafin ya sa wuƙa sai ya zaro taba daga aljihu ya zuba a ƙasa, yana magana ƙasa-ƙasa. Dariya ta kuɓuce mini. Ba raini ba ne, mahaifina na gani a jikinsa, wanda ba ya sarar kirya sai ya tsiyaya mata ɗan abin da ke cikin gorarsa ya ba ta haƙuri. Dattijon ya juyo ya tambaye ni abin dariya, na ba shi labarin mahaifina, har na kai ga yadda muke barin gona ta huta. Sai ya ajiye wuƙar. Ya ce in biyo shi.

Muka ɗan shiga cikin wannan daji da aka ce mana ba a taɓa shiga ba. Ya nuna mini wani tsohon sara a jikin itace, ya ce alamar gidansu ce. Ya ture ganye da ƙafa, sai ga duwatsun murhu uku, baƙi ƙirin, ya ce nan kakarsa take dafa zaƙin nan. Sannan ya nuna mini wani tafki da wata dabbar ruwa ta datse da itace. Amik suke ce mata, ta fi gafiya girma nesa, da faffaɗar wutsiya, naman abinci ne, fatar kuma sutura. Ya ce kakansa ya kasa dajinsu gida-gida, bana a ɗana tarko a wannan gefen, baɗi a wancan, sauran a ƙyale su har dabbar ta hayayyafa, kuma ko a gefen da ake kamawa ba a ƙarar da gida guda. Ya ce mai awon ƙasa ya zo ne a shekarar da wannan gefen yake hutawa. Bai ga hayaƙi ba, bai ga bukka ba, ya rubuta ba kowa. Bayan shekara biyu masu katako suka iso.

Na tambaye shi yadda baƙo ya san hanya a irin wannan surƙuƙi. Ya ce ai ba baƙo da yake sanin hanya, ɗan gida ne ya kawo shi, kawunsa, wanda ya yi makarantar Turawa, ya iya bakinsu. Na ce me suka yi masa da suka gane.

"Ba mu yi masa komai ba. Kwano ɗaya muke ci da shi har ya mutu."

"Kun yafe masa ke nan?"

"Ta yaya? Bai taɓa faɗa ba. Mun yi ta jira ya faɗa mu yafe masa, shi kuma yana ta gyara mana tarko, yana kawo mana kifi. Mutum ne mai yawan kawo kifi."

Ya yanko ɓawon, ya yi facinsa, ya miƙo mini guntun da ya rage. Shi ne abin nan da kuka sha gani a cikin akwatina kuna cewa Baba yana ajiye shara. A ranar na yi alkawari tsakanina da Allah cewa ina sauka gida zan tara ƙauye in faɗi abin da na yi.

Na dawo bayan an yi girbi na gaba, na iske abin ya riga ni. Da lokacin sassabe ya yi, gida taran nan sun ɗauki gatura sun nufi gabas da rafi, suka tarar da turakun siminti da masu gadin daji. Aka karɓe gatarin Baffa Ranau, ƙanen Baba, aka ɗaure shi da igiya a gaban 'ya'yansa. Da suka je ƙara aka fito musu da takarda, ga yatsan Sarkin Noma a ƙasa. Daga ranar sunan Nomau ya ɓace, sai Dangwale. Aka daina kiransa gayya. Da farkon damina, shi da yake fara sara ƙasa kafin kowa ya yi shuka, aka ba wani. Tsofaffin gonaki da ya kamata su huta aka sake bin su, dawa ta fito iya gwiwa, gida huɗu suka kwashe suka koma wajen Mairuwa, har da Baffa Ranau, wanda ya fita bai yi wa wansa sallama ba. Inna ta gaya mini duk wannan tana tankaɗe, ba ta ɗago ta dube ni ba, ta ƙara da cewa tsohon ya daina zuwa gaishe da kowa, mutum ko gona.

Da safe na same shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya rame har warkin yana yi masa yawa. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga kalmar da na juya har miƙaƙƙen layin da kwas ɗin, ban rage ba sai kunyar da na ji tasa, wannan na kasa. Yana ta fiƙe ƙotar har na gama.

"To, sai mi?"

"Baba, ni ne na..."

"Na jiya. Tun ranar na sani. Ɗan da na haihwa ya riƙe mani tawada yana kallon ƙahwatai, mi ya rage ban sani ba?"

Na tambaye shi, in ya sani me ya sa ya dangwala. Ya ce da ya ƙi, da a gaban baƙi zai ƙaryata ni, kuma ya ɗauka ko da na karkata ba zan karkata da yawa ba. Na ce to yau zan je wurin mai unguwa a tara mutane. Sai ya ajiye wuƙar, ya dube ni, karo na farko tun da na zauna.

"Ba ka zuwa ko'ina. Ni na tsuhwa, sunan bai da nisan tahiya a kaina. Kai kau in suka liƙa maka shi, ba ka da garin komawa, ɗiyanka ba su da dangi. Ka bar mani kayana."

Na bar masa. A nan ne nake so ku karanta a hankali, don shekaru da yawa ina gaya wa kaina biyayya na yi wa mahaifi. Ƙarya ce. Daɗi na ji. Na shigo da dutse a ƙirji, tsoho mai ramammen wuya ya ce in ɗora masa, na ɗora masa na miƙe ina jin iska. Na rubuta takardu biyu zuwa ofis ina neman a sake duba layin, aka ce an karɓa, ban bi sawu ba. Sai na koma kai masa kaya. Buhun gishiri, bargo, fitila, har rediyo. Duk zuwan da zan yi sai na tuna mai yawan kawo kifi, in ji kamar in juya da keken, amma ban taɓa juyawa ba. Shi kuma yakan karɓa ya ce an gode, ya tura ƙarƙashin gado.

Bai cika shekara uku ba ya rasu. Mutumin da a da in ya yi gayya sai an yanka akuya uku, waɗanda suka raka shi ba su cika tabarma biyu ba. Baffa Ranau ya zo daga Mairuwa bayan an rufe, ya tsaya daga nesa, sannan ya zo ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ba a zaɓen uba, ni dai Allah Ya yi ni mutumin kirki. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa na gode, Baffa. Shi ma ya mutu yana ganin wansa ne ya ba da ƙasar gida tara. Wannan ya fi komai ci mini rai, don babu inda zan same su in haɗa su.

Baba ya yi kuskure a abu ɗaya, ya ce sunan ba shi da nisan tafiya. Ga shi ya tsallake ni, ya tsallake ku, ya iske Hadiza a gidan biki. Garin da ya so in samu na komawa kuwa yau babu shi. Shekara biyar ke nan ba wanda ya kwana a ƙauyenmu, dajin da na taimaka aka faɗaɗa nan ne masu bindiga suke fitowa, mutanenmu sun watsu a Ƙanƙara da Faskari suna raɓe a shagunan mutane. An ce ciyawa ta rufe har gindin rumbunmu. Wata rana za a samu lafiya, kuma wata rana wani zai zo da fom, ya ga ba hayaƙi, ba bukka, ya nemi wanda zai yi masa tafinta. In ɗayanku ne, ku cire takalmi ku taka, kunyoyin suna nan. Ku gaya masa saura ce, in ya ce ba gurbinta ku hana shi rubutu har sai ya yi mata.

Jiya na sa aka kai ni gidan da tsohuwar nan take zaune. Ashe Tabawa ce, 'yar Baffa Ranau, wadda aka ɗaure ubanta a gabanta, daga baya aure ya mayar da ita ƙauyenmu. Na faɗa mata a gaban jikokinta da maƙwabta, ban rage komai ba, har kunyar warkin. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta share ido da bakin mayafi ta ce:

"Yaya, shekara nawa ina tsallake kabarin bawan Allahn nan ban ce mashi sannu ba. Yanzu kau hanyar ma ba ta biyuwa."

Abin da ya rage a hannuna shi ne wannan takardar, kuma a wannan karon abin da aka faɗa shi na rubuta. Hadiza, ga amsar tambayarki, ba sai kin kawo ruwa ba. Tsohon da aka binne gabas da rumbu sunansa Nomau, Sarkin Noma. In aka sake ce miki jinin Dangwale, kada ki musa, gaskiya ne. Ki ce musu Dangwalen yana nan da ransa a Ƙanƙara, shi ya aiko ki.